Madarunfa: Abin da "ba komai" ke ɓoyewa a aji da ɗakin shawara

A Madarunfa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, idan ka tambayi mutum abin da ke damunsa, da wuya amsar ta wuce "ba komai". Haka yaro zai ce wa mushe a lakwal, haka uwa za ta ce wa ma'aikaciyar asibiti. Malamin da ya karɓi wannan amsa ya ci gaba da darasi, sau da yawa ya bar ainihin maganar a baya.

Garin yana kudu da birnin Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da 'yan kai, kuma an san shi da tafkinsa da kaburburan waliyyai 99 da ake kai wa ziyara. Gundumar tana iyaka da Jibiya ta jihar Katsina, babbar hanyar Maraɗi zuwa Katsina kuma ta bi ta Ɗan Isa.

Wannan kusanci ya kawo ciniki da auratayya, ya kuma kawo tashin hankali. A watan Satumban 2019, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum fiye da 40,000 sun tsallako jihar Maraɗi cikin wata goma, suna gudun 'yan bindiga daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, galibinsu mata da yara. Maharan ba su tsaya a can ba. Ƙauyukan Gabi da Safo da Ɗan Isa sun sha fama da satar shanu da sace mutane don neman kuɗin fansa.

Yaran da suka ga waɗannan abubuwa da idonsu, su ne ke zaune a kan benci ko tabarma da safe, ana koya musu karatu.

Shirun da ake ɗauka taurin kai

Tarbiyyar Bahaushe ta koya wa yaro kada ya kalli babba ido cikin ido, kada ya yi ƙorafi, kada ya yi kuka a gaban mutane, balle idan namiji ne. Ana kiran wannan kunya da haƙuri, kuma abin yabo ne. Matsalar ita ce yaro mai ladabi da yaron da tsoro ya cika wa ciki kamanninsu ɗaya: duka biyun sun sunkuyar da kai sun yi shiru.

Bambancin yana fitowa ne a ƙananan abubuwa. Yaron da ya kwana a daji saboda an ji ƙarar babura da dare zai yi gyangyaɗi a aji. Wani zai zabura idan ƙofa ta bugu. Wata za ta riƙa neman izinin fita tana cewa cikinta na ciwo, a kai ta asibiti a rasa komai. Wani kuma da can mai sanyin hali ne, sai a wayi gari ya zama mafaɗaci a filin wasa.

A ajin da ya cika maƙil, malami ɗaya ba ya iya bin kowa. Abu mafi sauƙi shi ne a kira yaron daƙiƙi ko mai taurin kai, a tsawata masa. Idan abin ya yawaita sai ya daina zuwa, iyaye kuma su ce dama kansa ba ya ja.

Ita kanta makarantar takan zama wurin fargaba. A watan Nuwamban 2021, gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a birnin Maraɗi, ta kashe yara aƙalla 25 'yan shekara biyar zuwa shida. Labarin ya shiga kowane gida a jihar, kuma har yanzu akwai ƙauyukan da rumfar zana ce ajinsu.

Wane harshe ne na zuciya?

Akwai kuma batun harshe. A yawancin makarantun boko na Nijar, da Faransanci ake koyarwa. Yaron da bai gama iya neman izinin fita da harshen ba, ta yaya zai bayyana cewa tun ranar da aka tafi da babansa ba ya iya barci?

Hausa kuwa tana da kalmomin, sai dai yawancinsu ta jiki suke bi. Mutum zai ce gabansa na faɗuwa, ko zuciyarsa ta yi baƙi, ko jikinsa ya mutu, ko tunani ya yi masa yawa. Mai ba da shawarar da ke jiran a ce masa "ina cikin baƙin ciki" zai daɗe yana jira, alhali an riga an faɗa masa da wasu kalmomi.

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da hukumomin Yamai suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Idan wannan sauyi ya isa cikin aji da gaske, ɗaya daga cikin ribarsa ita ce yaro zai iya kai kukansa da harshen da yake kuka da shi.

Uwa a gefen gadon mai tamowa

Wani wurin da ake koyarwa ana kuma ba da shawara shi ne asibiti. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana aiki da ma'aikatar lafiya a Madarunfa wajen jinyar yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro, kuma daga cikin iyaye matan da ke zuwa har da waɗanda suka tsallako daga Najeriya.

A irin waɗannan ɗakuna ana tara iyaye mata a yi musu bayanin shayarwa da tsafta da yadda ake ba yaro abincin magani. Za ka ga uwa tana gyaɗa kai tana cewa "to", a ɗauka ta gamsu. Sau da yawa hankalinta na gida, inda ta bar wasu yaran da aikin gona. Ga kuma kunyar kada a ce ta kasa ciyar da ɗanta. Wata ma dariya za ta yi idan an tambaye ta, dariyar da ba ta da alaƙa da farin ciki. Idan ba wanda ya gane haka, tana iya ɗaukar yaron ta tafi kafin a sallame su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wasa da nuna ƙauna cikin matakai goma na jinyar tamowa mai tsanani. Yaron da cutar ta ci ƙarfinsa ba ya wasa, ba ya kula kowa. Ranar da ya yi murmushi, ma'aikatan jinya kan ɗauke ta a matsayin alamar ya fara dawowa. Uwar da ita ma zuciyarta ke a dagule ba za ta iya yi masa wannan wasan ba, shi ya sa sauraron ta yake cikin maganin ɗanta.

Idan aka ce aljanu ne

A makarantu da dama na Nijar an sha samun 'yan mata su faɗi a aji suna ihu, har a tashi makarantar. Jama'a kan ce aljanu ne, a kira malamai su yi ruƙiyya. Adeline Masquelier, masaniyar halayyar al'umma a jami'ar Tulane ta Amurka, ta yi rubuce-rubuce kan lamarin, inda ta duba shi tare da matsin da 'yan mata ke ciki tsakanin karatu da aure da abin da gida ke jira daga gare su.

Ba dole sai an zaɓi ɗaya ba. Ana iya yi wa yarinya addu'a, bayan ta farfaɗo kuma wata babbar mace da ta yarda da ita ta ja ta gefe ta ce, "Ɗiyata, me ake ciki a gida?" Wannan tambayar ce aka fi mantawa da ita.

Sauraro kafin "sai haƙuri"

Jagorar taimakon gaggawa ga waɗanda suka shiga firgici, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, ta ginu kan abu uku: a duba, a saurara, a haɗa mutum da inda zai sami taimako. Ta kuma yi gargaɗi kada a matsa wa kowa ya ba da labarin abin da ya same shi. Wannan bai saɓa wa al'ada ba, don Bahaushe ya riga ya ce labarin zuciya a tambayi fuska.

A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa. Kalmar da suke amfani da ita a harshen Shona ma'anarta "yawan tunani", daidai da yadda ake faɗa a Maraɗi. Madarunfa ba ta rasa irin waɗannan mutane ba: ungozomomi, malaman allo, da shugabannin asusun Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jihar Maraɗi tun 1991.

"Sai haƙuri" magana ce mai kyau idan ta zo a ƙarshe. Idan aka fara da ita, mai damuwa kan fahimci an ce ya yi shiru.

Wannan ya shafi har 'yan ci-rani da ke kiran gida daga Agadas ko Legas ko Libiya. Ƙanenka zai ce maka lafiya lau, Inna ma haka, don ba sa son su tayar maka da hankali a ƙasar mutane. Maimakon "yaya gida?", gwada tambayar ko yana samun barci, ko ya je lakwal a wannan makon, ko wa yake zama da shi idan an tashi. Sannan ka ɗan yi shiru ka jira, ko da kuɗin wayar na tafiya.