Idan Maigida Zai Canja Shakazoba a Gida

Uwargida, idan kin taɓa rungumar jariri a bayan mota daga Damri zuwa asibitin Talata Mafara, kin san wahalar motar da shakazobarta ta mutu: kowane rami sai kin ji shi a ƙugu. Matsalar ta wuce jijjiga. Taya ba ta kama ƙasa sosai, birki yakan yi jinkiri, kuma wannan ba hanyar da ake son mota ta tsaya bayan magariba ba ce.

Gwajin mai sauƙi ne. A danna gefen motar da ƙarfi a saki. In ta ci gaba da lilo, ko aka ga mai yana tsiyaya a jikin shakazobar, lokacin canji ya yi.

Saboda tsadar aikin gareji, magidanta da yawa kan ɗauki sifana da kansu. Shakazobar da ke rabe da sifirin ana iya canja ta a gida. Amma wadda sifirin ke naɗe a jikinta, kamar ta gaban yawancin ƙananan motoci, aikin bakanike ce. Sifirin ɗin a matse yake. In ya kuɓuce, yana iya karya hannu ko ya yi kisa.

Ki tuna wa maigida abu uku: kada ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, musamman a kan yashi, a canja hagu da dama tare, in an taɓa na gaba, a kai a daidaita saitin tayoyi.

Naki aikin kuwa, ki tattara yara cikin gida har a sauke motar.