Mutumin da Ya Faɗa Rijiya: Hikimar Buda da ta Kirista



Duk ɗan Damargu ya san zurfin rijiya, don haka wannan almara ba za ta yi muku wuyar ganewa ba. Giwa ce ta koro wani mutum, ya faɗa rijiya, garin faɗuwa ya cafke reshe. Ya duba ƙasa, ga ƙaton maciji baki buɗe. Ya ɗaga kai, ga ɓeraye biyu, fari da baƙi, suna ta gurgurar reshen. Can sai ya hangi zuma dab da shi, ya shiga lasa, har ya manta halin da yake ciki. Ɓerayen nan rana ce da dare, zumar kuwa daɗin duniya.

Daga Indiya almarar ta taso, mabiya Buda sun daɗe suna wa'azi da ita. Buda ɗan sarki ne, an haife shi a Lumbini, cikin Nepal ta yau, wajen shekara 500 kafin Annabi Isa, alaihissalam. Ganin tsoho da majinyaci da gawa ne ya fid da shi daga fada yana da shekara 29. Labarinsa ya shiga Larabci da sunan Bilawhar wa Budasaf, da almarar rijiyar a ciki. Daga nan Kiristoci suka juya shi zuwa Girkanci da Latinanci, suka mai da ɗan sarkin waliyyinsu, Yosafat, har da ranar tunawa, 27 ga Nuwamba. Sai a ƙarni na 19 masana suka tabbatar ashe Buda ne.

A kan ciwon dai bakin Buda da Kirista ɗaya: duniya ruɗi ce. Wajen magani ne suka raba hanya. Buda ya ce kwaɗayi ne tushen wahala, mutum da kansa zai tumɓuke shi ta horon zuciya, bai kuma rataya tsira ga Mahalicci ba. Kirista kuwa ya ce na cikin rijiya ba ya fid da kansa, sai Allah ya zura masa igiya don alherinsa, shi ma ya zura wa maƙwabci. A ganina, mai cewa duk addini ɗaya ne bai yi wa kowannensu adalci ba.

Mu ma muna da almarar rijiyar, tana cikin Kalila wa Dimna, wanda Ibn al-Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8. In malamin garinku yana da littafin, ku roƙe shi ya karanta muku.