Yadda korona ta shafi masu taɓin hankali a Gwarzo da Kabo

A ranar 11 ga watan Afrilun 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Kano, kuma cikin 'yan kwanaki gwamnatin jihar ta kafa dokar hana fita.

Ga mai taɓin hankali a Gwarzo ko Kabo, dokar ta yanke hanyar ganin likita. Ƙwararru a wannan fanni na asibitin Dawanau ne da na Malam Aminu Kano, kuma tsakanin Gwarzo da birnin Kano tafiya ce ta kimanin kilomita 70. A duk Najeriya ma likitocin ba su kai 300 ba.

Su dai irin waɗannan cututtuka ba a gane su ta gwajin jini. Sai likita ya zauna da majinyaci da danginsa, ya ji tarihin barcinsa da maganganunsa da mu'amalarsa da jama'a.

Daɗin daɗawa, mai ciwon damuwa ba kasafai yake cewa yana cikin damuwa ba. Yakan koka ne da bugun zuciya, ko rashin barci, ko sarƙewar numfashi. A wancan lokaci kuwa sarƙewar numfashi korona take tunatar da kowa, don haka tsoron a killace mutum ya sa wasu suka gwammace zaman gida, ko zuwa wajen masu ruƙiyya.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu shan magani kullum, ko karɓar allura wata-wata. Katsewar maganin kan sa ciwon ya dawo, kuma a ƙauye dawowarsa kan ƙare da ɗaure mutum da mari.

Ba Kano kaɗai ba ce. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 130 a 2020 ya gano cewa annobar ta kawo cikas ga kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a kashi 93 cikin ɗari na ƙasashen. A 2022 kuma hukumar ta ce ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar.

A watan Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi kai wannan kulawa zuwa ƙananan asibitoci, irin waɗanda mutanen Kabo da Gwarzo ke fara zuwa.