Tsutsotsin cikin kangaru: Abin da gwajin DNA ya bankaɗo a Ostireliya

Ƙasar Ostireliya gida ce ga dabbobin da ke renon 'ya'yansu a wani aljihun fata da ke jikinsu, irin su kangaru da walabi. A can ne kuma ake samun dabbobi masu shayarwa da ke yin ƙwai, wato platifus mai baki irin na agwagwa, da ekidna mai ƙayoyi kamar bushiya.

Waɗannan dabbobi sun shafe miliyoyin shekaru a keɓe daga sauran nahiyoyi, kuma tsutsotsin da ke rayuwa a cikinsu sun yi wannan doguwar tafiya tare da su. Shi ya sa a dangin tsutsar da ake kira Cloacina kaɗai, masana sun tantance nau'o'i fiye da 100 a tumbin kangaru da walabi. Farfesa Ian Beveridge na Jami'ar Melbon yana cikin waɗanda suka fi yin fice a wannan aiki.

A da, da siffar baki da ta wutsiya ake bambance tsutsotsin a ƙarƙashin madubin bincike. Sai dai kama da wane ba ta wane. An daɗe ana ɗaukar tsutsar hanji mai suna Hypodontus macropi a matsayin nau'i guda, amma gwajin ƙwayoyin gado na DNA ya nuna cewa nau'o'i ne da dama masu kama ɗaya, kuma galibi kowanne da dabbar da ya fi zama a cikinta. Haka aka gano game da tsilar Progamotaenia festiva da ke zama a hanyar matsarmama.

Wannan sani yana da amfani ga masu kare namun daji. Idan za a sauya wa dabbar da ke dab da ƙarewa mazauni, wajibi ne a san abin da take ɗauke da shi, domin kada ta kai wa wasu cuta. Kuma duk dabbar da ta ƙare, tsutsar da ta dogara da ita kaɗai za ta bi ta.

Gwajin yana kuma raba tsutsotsin gida da baƙi. Tsilar Echinococcus granulosus, wadda ta shiga ƙasar bayan zuwan Turawa da tumakinsu da karnukansu, tana haddasa ƙullutu mai ruwa a huhun walabi har ya halaka. Tana kama mutane, kuma likitocin dabbobi a Najeriya ma suna cin karo da cutar a mayanka.