Karatu da Wasa a Sakandare: Taura Biyun da Ke Taunuwa

A gidaje da yawa, da zarar yaro ya shiga aji huɗu na sakandare sai maganar ƙwallo ta zama abin rigima tsakaninsa da mahaifinsa. Uba yana ganin duk sa'ar da aka ɓata a fili daga littafi aka cire ta, shi kuwa yaro yana ganin littafin ne ya tsaya tsakaninsa da Turai. Duk da saɓanin da ke tsakaninsu, sun haɗu a kan fahimta guda, wato karatu da wasa kishiyoyi ne, taura biyu ce da ba ta taunuwa, dole a tofar da ɗaya. A ganina wannan fahimta kuskure ce, kuma ita ce ke jawo mana asara ta fuska biyu: ɗalibai masu ƙwaƙwalwa da jikinsu ya mutu tun suna 'yan shekara sha bakwai, da kuma 'yan wasa masu baiwa da ke fita daga makaranta ba su da kiredit biyar. Ɓarawon lokacin ɗalibi yana wani wuri dabam, kuma idan aka kama shi, sa'o'in da suka rage sun ishi littafi sun ishi fili.

Mu fara da lissafi, tunda shi ba ya son kai. Mako guda sa'o'i 168 ne. A cire 56 na barci, sa'a takwas kowane dare. A cire kamar 30 na zaman aji, daga Litinin zuwa Juma'a. A ba Islamiyya 10. A ware 35 don salla da cin abinci da aike da aikin gida da zirga-zirgar hanya. Abin da ya rage sa'o'i 37 ne. Idan ɗalibi ya ba bitar karatu sa'a biyu kullum, ya ba motsa jiki sa'a ɗaya, ya ci 21 ke nan, yana da sauran 16 na hutu da zumunci. To, ina waɗannan sa'o'i ke tafiya a zahiri? Duk wanda ya bi ta layin unguwa bayan Isha'i ya san amsar. Ga matasa sun cika benci a gidan kallo, janareta na ƙugi, ana gardama a kan Arsenal da Barcelona har sha ɗayan dare. Ga wasu a majalisa, kowa ya sunkuyar da kai, hasken waya ya haske masa fuska, yatsa na ta jan TikTok. Wanda ya kalli wasa uku a ƙarshen mako ya kashe kusan sa'a shida a zaune, kwatankwacin abin da zai ishe shi atisayen mako guda. Akwai bambanci babba tsakanin buga ƙwallo da kallon ƙwallo, amma iyaye kan haɗa su su yi musu kuɗin goro.

Su kansu shekarun ba su da yawa kamar yadda ɗalibi ke zato. Babbar sakandare shekara uku ce, zango tara, amma zangon ƙarshe na jarrabawa ne: ta JAMB, da ta WAEC, sannan ta NECO, suna bin juna ba numfashi. Ke nan zango takwas kawai ake da su na koyo. Tambayoyin waɗannan jarrabawa kuwa daga darussan aji huɗu suke farowa, kuma jami'a ba ta sauraren mai neman gurbi sai ya kawo kiredit biyar, ciki har da Turanci, da Lissafi a mafi yawan fannoni. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, maki 400, kuma da kwamfuta ake yin ta. Ɗalibin da ya yi wasarere da aji huɗu da biyar yana jiran ya yi karatun kwana a aji shida, ya manta ba a fafe gora ranar tafiya. Irinsa ne ke ƙarewa a hannun masu sayar da satar amsa, ya samu takarda mai kyau da kai fanko, ya je jami'a shekarar farko ta tona masa asiri.

Dalilin da ya sa karatun kwana ba ya zama a kai sananne ne. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mutum kan manta kaso mai yawa na sabon abin da ya koya cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi ɗurawa a zama ɗaya. Masu binciken da suka biyo bayansa sun ƙara da cewa rufe littafi a gwada tuno abin da aka karanta ya fi sake karantawa amfani. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba, domin a kansa makarantar allo ta ginu. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya karatun da ka a gaban malam, kuma mahaddaci ba ya barin tilawa ko da ya sauke, don ya san hadda tana gudu idan ba a bibiye ta ba. Abin mamaki shi ne yaron da ya haddace izifi goma ta wannan hanya, idan ya zo kan Bayoloji ko Kimiyyar Sinadarai sai ya watsar da ita, ya zauna yana ta kallon shafi har barci ya ɗauke shi. Da zai karanta darasin yau a yau, ya rufe littafi ya rubuta abin da ya tuna, ya waiwaye shi bayan kwana uku, ya sake waiwaya bayan mako biyu, ya kuma riƙa gwada kansa da tambayoyin jarrabawar shekarun baya yana duba agogo, da sa'a biyun nan ta yi masa aikin da sa'a shida ta gyangyaɗi ba za ta yi ba.

A nan ne fili ke shigowa a matsayin mataimakin littafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara da matasa daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, kuma cikin amfanin da ta lissafa har da kaifin tunani da ƙoƙari a makaranta da raguwar damuwa. Likitocin barci kuma sun ce matashi na bukatar sa'a 8 zuwa 10 a dare, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana. Yaron da ya yi gudu bayan La'asar, ya yi gumi, ya yi wanka, yakan zauna kan littafi da natsuwa, ya kwanta da wuri, ya tashi Asuba garau. Wanda ya yini a zaune kuwa barci ba ya zuwar masa da wuri, sai ya ɗauki waya, gari ya waye yana hamma a aji. Bayan lafiya akwai tarbiyya. Wanda ya saba zuwa atisaye a kan lokaci, ya saba bin umarnin koci, ya sha kaye ya dawo washegari, ya riga ya koyi haƙurin da lissafi mai wuya ke bukata.

Tsofaffin makarantunmu sun san haka. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda daga baya ta koma Kaduna, sannan Zariya ta zama Kwalejin Barewa, ta sa wasanni cikin tsarin yini kamar yadda ta sa darussa. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi suna a can a wasan nan na buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, bai kuma daina ba har ya zama Firimiya. A tawagar Nijeriya da ta ci kofin Afirka a Legas a 1980 akwai Segun Odegbami, wanda ya tashi a Jos ya karanci injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan, ya kuma ci biyu daga ƙwallaye ukun da aka zura wa Aljeriya a wasan ƙarshe. Akwai Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanci shari'a, daga baya ya zama Antoni Janar na Jihar Ribas. A zamaninmu ga Tobi Amusan, wadda ta fara gudu tun tana sakandare a Ijebu-Ode, ta samu tallafin karatu a wata jami'a a Texas ta Amurka, ta kuma kafa tarihin duniya a gudun mita 100 na tsallake shinge a 2022, cikin daƙiƙa 12.12. Jami'o'in can ba sa ɗaukar ɗan wasa sai takardunsa na sakandare sun cika. Ƙafa ce ta kai ta bakin ƙofa, amma sai da takarda aka buɗe mata.

Mai musu zai ce, to ai ga Ahmed Musa, ƙwallo ce ta yi masa komai. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne: ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, ya tafi Holan, ya wuce Rasha da Ingila, ya ci wa Nijeriya ƙwallo huɗu a gasar kofin duniya. Amma Ahmed Musa nawa aka yi? Babbar gasar ƙwallo ta Nijeriya kulob 20 ne kacal a cikinta, alhali kowane lungu a Kano da Kaduna da Jos yana da ƙungiyar matasa. Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma mai karatu ya gwada lissafa sunayen waɗanda suka yi nisa daga cikinsu ya ga ko za su cika masa yatsu. Ko wanda ya dace, sana'ar takan ƙare kafin shekara arba'in, kuma targaɗe ɗaya a gwiwa na iya rufe ta tun ba a je ko'ina ba. Ga kuma dillalan bogi da ke karɓe kuɗin iyaye da sunan kai yaro gwaji Turai. Ya kamata kowane uba ya san dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Shi kansa Ahmed Musa sai da ya jira ya cika 18 kafin ya fara buga wa kulob ɗinsa na Holan. Tunda doka ta ce a jira, ina hikimar barin aji tun ana sha biyar? Kuma ko wanda ba ya mafarkin Turai yana da rabo a fili, domin makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna da ta 'yan sanda da ke Wudil duk suna neman kiredit, suna kuma gwada ƙarfin jiki.

Wani kuma zai ce wannan magana ta 'ya'yan masu hali ce, ɗan talaka daga makaranta gona yake wucewa ko garejin ubangidansa. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma lissafin da na yi a baya ba zai zauna daidai a kan kowa ba. Wanda ya yini yana noma ko jan ruwa ya riga ya samu motsa jikinsa, abin da ya kamata a kare masa shi ne sa'ar karatu, ko da guda ɗaya ce bayan sallar Asuba kafin gida ya ɗauki hayaniya. Game da tsada kuma, gudu ba ya bukatar komai sai hanya, langa da kokawa namu ne tun kaka da kakanni, igiyar tsalle kuwa ba ta kai kuɗin katin waya na mako ba. Haka batun 'yan mata, waɗanda su aka fi tauyewa, don da yawa daga cikinsu rabonsu da guje-guje tun suna firamare. Damuwar iyaye a kan sutura da cuɗanya abin girmamawa ce, kuma tana da magani: fili a cikin katangar makaranta, malama mace, da kaya masu rufe jiki. Tun 2014 dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka amince da rufe kai, ƙwallon kwando ma ta bi sahu a 2017. Malamai kuma sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Lafiyar yarinyar da gobe za ta ɗauki ciki ta yi raino ba abin da za a bari a hannun sa'a ba ne.

Wani kason laifin na makarantu ne. Da yawa sun mayar da wasanni bikin rana ɗaya a shekara: a ɗinka riguna ja da kore da ruwan ɗorawa, a kafa rumfa, a gayyato babban baƙo, yaran da ba su yi atisaye ko na mako biyu ba su yi gudu su faɗi suna haki, a ba su gulukos, a raba kofi, shi ke nan sai baɗi. Wasu makarantun kuɗi a gidan haya suke, ko wurin taron safe ba su da shi. Wasu na gwamnati kuma filayensu sun zama shaguna. Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. A mayar da sa'ar wasanni cikin jadawali sau biyu ko uku a mako, makarantar da ba ta da fili ta yi yarjejeniya da maƙwabciyarta, a farfaɗo da gasa tsakanin makarantun ƙaramar hukuma, sannan a kafa sharaɗi guda: duk wanda makinsa ya faɗi ƙasa, ya ajiye rigar ƙungiya sai ya gyara. Yaron da ke son ƙwallo zai yi wa wannan sharaɗi biyayyar da bulala ba ta taɓa samu daga gare shi ba.

Don haka, iyaye, kafin ku ƙwace takalmin ƙwallo ku fara tambayar ina waya take kwana, kuma ƙarfe nawa ake dawowa daga gidan kallo. Malamai, ku riƙa duba sakamakon kyaftin ɗinku kamar yadda kuke duba ƙafarsa. Kai kuma ɗalibi, da ke ɗaliba, ku ɗauki takarda yau ku rubuta sa'o'inku na mako, ku ware biyu na littafi da ɗaya na fili a kowace rana, ku manna a bango inda ido zai riƙa gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, zango takwas kuma ba su da yawa. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa a gama lafiya.