Fasaha a Hidimar Mulkin Kama-karya: Nazari a kan Rayuwar Leni Riefenstahl

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba rayuwar Leni Riefenstahl (1902-2003), Bajamushiyar da ta shirya wa gwamnatin Hitila finafinai, domin gano ko gwaninta tana iya wanke mai fasaha daga alhakin abin da aka yi da fasaharsa.

2.0 Rayuwarta da Ayyukanta

An haife ta a birnin Balin. Da rawa ta fara sana'a, amma ciwon gwiwa ya sa ta koma fitowa a finafinai. A 1932 ta shirya fim ɗinta na farko, kuma a shekarar ce ta saurari jawabin Hitila, ya kwanta mata a rai.

Babban aikinta shi ne Triumph des Willens, wato nasarar ƙudurin zuciya, wanda ta ɗauka a taron jam'iyyar Nazi na 1934 a Nuremberg, aka fara nuna shi a 1935. Fim ɗin ya buɗe da jirgin Hitila yana ratsa gizagizai, tamkar mai ceto yana saukowa daga sama. Takan ɗauki hotonsa daga ƙasa domin ya yi kwarjini, dubban mabiyansa kuwa ta nuno su sahu-sahu, har mutum ɗaya ya ɓace cikin taro. Aikin da mawaƙin fada yake yi da kirari, shi ta yi da kyamara. A 1938 ta fitar da Olympia, kan wasannin Olamfik na 1936.

3.0 Batun Alhaki

Bayan yaƙi ya ƙare a 1945, an bincike ta, aka yanke cewa 'yar rakiya ce kawai, domin ba ta taɓa shiga jam'iyyar ba. Ita kuma ta dage har ƙarshen rayuwarta cewa abin da ya faru ta ɗauka, kuma kyau take bi, ba siyasa ba.

Wannan hanzari yana da rauni ta fuska biyu. Da farko, zaɓen abin da za a nuna da jeranta shi hukunci ne na mai shirya fim. Na biyu, a fim ɗinta Tiefland ta yi amfani da 'yan ƙabilun Roma da Sinti da aka ɗebo daga sansanonin tsare mutane, kuma da yawansu an hallaka su daga baya a Auschwitz. Ko hotunan mutanen Nuba na Sudan da ta wallafa a 1973 ba su tsira ba, domin Susan Sontag ta ga irin wancan ɗaukaka ƙarfin jiki a cikinsu.

4.0 Kammalawa

Har yau ana nazarin dabarunta a makarantun koyar da fim, sai dai tare da tarihin waɗanda mulkin ya cinye. Gwanintarta ita ta ƙara wa laifinta nauyi, domin da hannunta bai iya ba, da zalunci bai yi kyan gani haka ba. Hausawa dai sun ce abokin ɓarawo, ɓarawo ne.