Baƙar Waya Da Agogon Awon Hayaƙi

Shirinmu na yau na makanikai ne da masu wayarin ɗin mota, da duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji yana kallon ana saita masa injin da kunne da hanci kawai. Za mu yi magana a kan agogon nan da ake saye daban a ɗaura wa mota, wanda yake karanta hayaƙin salansa ya bayyana adadin iska da man da injin ke ci, kuma musamman a kan yadda ake ja masa waya.

Amma ku ba ni dama in fara da wani labari, domin asalin wannan na'ura yana da ban al'ajabi. A shekarar 1897, wani malamin kimiyya Bajamushe mai suna Walther Nernst, wanda ke karantarwa a jami'ar Gottingen, ya ƙago wata fitilar lantarki wadda a maimakon zaren gawayi irin na fitilun wancan zamani, sai ya sanya mata ɗan siririn sanda na tangaran da aka yi da wani ma'adini mai suna zirkoniya. Wannan tangaran yana da wata ɗabi'a, wato muddin yana da sanyi ba ya barin wuta ta ratsa shi ko kaɗan, sai an gasa shi ya yi ja tukuna ya buɗe mata hanya. Saboda haka fitilun farko, duk da cewa na lantarki ne, sai an kusantar musu da harshen wuta kafin su kama. Ku dubi wannan, jama'a: fitilar lantarki da ake kunnawa da ashana! Daga baya aka yi mata ɗan murhu na waya mai ɗumama ta, kamfanin AEG ya sayi haƙƙin ƙera ta, aka nuna ta a babban baje kolin Faris na 1900, sannan fitilu masu zaren ƙarfe suka zo suka ture ta. Shi kuwa Nernst ya sami lambar Nobel ta 1920 a kan wani aiki daban. To, hikimar Ubangiji, tangaran ɗin nan da aka yar a fagen haske, shi ne aka ɗauko bayan shekaru kusan tamanin aka cusa cikin salansar mota, domin an fahimci cewa idan ya yi zafi, kuma aka sami bambancin iskar oksijin tsakanin ɓangarorinsa biyu, yakan haifar da 'yar wuta gwargwadon wannan bambanci. Har yau sharaɗinsa bai canza ba: sai ya yi zafi yake aiki.

Sauran tarihin mu taƙaita shi. Kamfanin Bosch ya ƙera sensa mai wannan tangaran wadda ake cusawa cikin salansa, Volvo ta fara sa ta a motocinta a 1976. Waccan ta farko iyakar iliminta ta ce mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, tana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Mai faffaɗan awo, wadda muke magana a kai, ta bayyana a farkon shekarun 1990, kuma ita takan faɗi adadi filla-filla. Mizanin fetur shi ne awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na mai. In lambar da agogo ya nuna ta sauka ƙasa da haka mai ya yi yawa, in ta hau iska ta rinjaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a 2023 jama'a suka karkata ga mayar da motoci masu amfani da iskar gas, sai wannan agogo ya ƙara daraja a hannun masu saiti, ko da yake mizanin gas ya kai wajen 17, don haka wajibi ne mai karatu ya san a kan wane ma'auni aka saita agogonsa.

Yanzu ga mas'alar da ta tara mu. Agogon yakan zo da jar waya ta wuta, da baƙar waya wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfe, da wata wadda ke kai saƙo ga kwamfutar injin, da kuma damin wayoyin da ke tafiya wurin sensa. Galibin masu aiki sukan ba jar waya dukkan kulawa, su nemo mata fiyus, su naɗe ta da kyau, amma in aka zo kan baƙar, sai a leƙa ƙarƙashin sitiyari a sami kowane noti da ya fi kusa a maƙala ta, ko da fenti a wurin, ko da tsatsa, ko da rediyo da fanka da fitilu duk a nan suke komawa. A ganina, nan ne illar take, kuma nan ne ake zaluntar na'ura mai tsada a ce ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

Dalili kuwa shi ne, sensar tana ɗauke da ɗan murhu a cikinta wanda ke riƙe ta a zafin da ya haura digiri 750, kuma wannan murhu yakan ja amfiya ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye da haka yayin da yake fara ɗumi, kuma duk wutar nan ta baƙar waya take komawa. Saƙon da ake aika wa kwamfuta kuwa ɗan kaɗan ne, tsakanin sifiri da bolt 5, kuma a agoguna da yawa wannan tazara ita ke wakiltar lamba 10 zuwa 20. Ku riƙe wannan lissafi, zan maimaita shi: tazarar bolt 5 na wakiltar tazarar lamba goma, ke nan rabin bolt lamba ɗaya ce cur. To, idan tsatsa da fenti suka sa wa baƙar waya cikas na kashi ɗaya cikin goma na om, kuma amfiya biyu suka bi ta kai, an sami bolt 0.2 da ya taru a wurin, wanda in aka mayar da shi lamba ya zama 0.4. Sai ka ga fuskar agogo tana cewa 14.7, kwamfuta kuwa tana rantsuwa 15.1 ta gani. Misalinsu kamar magina biyu ne da ke awon tsawon katanga ɗaya, wannan ya fara daga ƙasa, wancan ya fara daga kan dakali. Igiyar kowa daidai take, mafarin ne ya saɓa. Kwamfutar da ta gaskata wannan kuskure za ta ƙara mai ba bisa ƙa'ida ba, fulogi ya yi baƙi, aljihu ya koka. In kuwa kuskuren ya karkata ɗaya gefen ta rage mai a lokacin da mota ke hawan tudu da kaya, wa'iyazu billahi, zafin na iya cin kan fistin.

Maganin ba shi da tsada, sai dai yana son haƙuri. A bi wayoyin kwamfutar injin a gano inda nata baƙaƙen suke ɗaure, wanda sau da yawa a jikin injin ne, a kai ta agogo can. A sa sanfefa a goge wurin har ƙarfe ya yi fari yana ƙyalli, a matse bakin wayar cikin zobe na tagulla, a ɗaure noti tamau, a shafa ɗan giris a kai saboda damina. Akwai saɓani tsakanin kamfanoni a nan: wasu sun raba wayar komawar murhu da ta saƙo, wasu kuma, kamar AEM a sababbin agogunansu, sun ba saƙon waya biyu domin kwamfuta ta auna bambancin da ke tsakaninsu kai tsaye. Kowanne da hujjarsa, kuma takardar da ta zo cikin kwali ita ce abin bi. Bayan an gama, a tabbatar da aiki da mita: a tayar da mota, a ɗora tsinke ɗaya a baƙar wayar agogo, ɗaya a ta kwamfuta, sannan a kunna manyan fitilu da fanka. In mita ta tsaya kusa da sifiri, alhamdu lillahi. In ta yi tsalle duk sa'ad da aka kunna wani abu, a sake lale.

Ina ganin mai kula da na'urorin shirin nan yana ɗaga mini hannu, saboda haka sauran sharuɗɗan a gurguje. Jar waya kada a ɗauko ta kai tsaye daga batir, domin murhun zai kwana yana ci; a ɗauko daga layin da ke samun wuta bayan an murɗa makulli, da fiyus nata, mafi kyau ta hanyar rile. Kada a bar makulli a buɗe sensa ta yi zafi sannan a tayar da injin mai sanyi, domin raɓar da ke kwance cikin salansa in ta fantsamo kan tangaran mai zafi sai ya tsage. Saboda wannan raɓar ne ma ake cewa mai walda ya huda gurbin sensa ta sama ko ta gefe, wayarta na kallon sama da aƙalla digiri goma, kusan santimita 45 daga bakin injin, kuma gaban tukunyar tace hayaƙi. Kada a yanke soket ɗin sensa a yi haɗi, akwai ɗan abin daidaita awo a cikinsa da aka saita tun daga masana'anta. A nisanta wayoyinta daga kwayil da wayoyin fulogi. Kuma a toshe duk wata ɓula a salansa kafin wurinta, in ba haka ba iskar waje za ta shiga ta sa lamba ta hau.

Lokaci ya ƙure mana. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, wassalamu alaikum.